Hannun Inna na dama

Da ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, ni na sha yawon neman mai gashin ƙashi. A asibiti aka ce sai Kano. Tsohuwar da ko zama ba ta iyawa, ita zan riƙa ɗorawa a mota daga Dugabau kowane mako? Na tambaya a Gwarzo, inda nake aure, har bakina ya gaji, kafin wata maƙwabciya ta haɗa ni da wata likitar gashi 'yar Kabo da ke zuwa gida ranar Asabar.

Ta zo, ta murza hannun, ta lanƙwasa, ta miƙe. Ta ce akwai sauran rai a cikinsa, amma sai an bar Inna ta yi aiki da shi: ta ci tuwo da kanta, ta ɗauki buta, ko da za ta zubar. Muka fara. Yatsun har sun soma kama loma.

Sai ranar da 'yan dubiya suka cika ɗaki. Inna na kokawa da loma, miya na zuba a zaninta, Yaya, babban wanmu, ya shigo. Wai me mutane za su ce, uwa mai 'ya'ya da surukai tana fama da kwano kamar marar gata? Ya sa matarsa ta karɓe kwanon ta ba ta a baki. Da Asabar ta zo, a soro ya tare likitar, ya yi mata godiya mai tsawo ya sallame ta.

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na yi magana, aka ce ba ni da tausayi, ni da na yi ta jele. Aka bi Inna da gata, a ɗaga ta, a kwantar, a wanke mata fuska, 'yan dubiya na ta sa wa Yaya albarka.

Bayan girbi na saci jiki na dawo da likitar. Yatsun sun dunƙule, ta ja ta ja ba su buɗe ba. Inna ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ba tuwon ne ya dame ni ba. Zan ƙara yin tsarki da alwala ba surukata a kaina?"

Likitar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murza hannun.