Ƙwaryar Baba Yamusa

Kafin matan ƙauyenmu su sauko da tuluna a kafaɗa, Baba Yamusa ya riga ya isa idon ruwan da ke gindin dutse, can bayan Bwari. Sai ya durƙusa, ya tsince ganyen da ya zuba, ya yashe rairayi da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki biyu. Shekara talatin ke nan. Ba wanda ya naɗa shi, kuma ban san wanda ya taɓa tsayawa ya yi masa sannu ba.

Dokarsa ɗaya ce: ba a taɓa idon da ƙarfe. Da irin Hausarsa ta manomin Gbagyi yake faɗa, "Ruwa ba ta son ƙarfe." Mu 'yan makaranta mun sha yi wa wannan "ta" dariya a bayan idonsa. Da kunya nake rubuta haka, amma an yi.

Sai farin 1973 ya zo. Idon ya koma ɗigo, mace ta wuni tulu bai cika ba. Hammawa, Bafulatanin da rugarsa ke bayan dutse, ya fara jan mushen shanu zuwa daji. Enoch, ɗan ƙanen Baba Yamusa, wanda ya yi leburanci a hanyar Kaduna, ya zo da diga da shebur ya ce a zurfafa idon, ruwa na ƙasa. Masu coci da masu masallaci duk suka yarda.

Baba Yamusa bai iya doguwar magana ba. Ya yi ta ƙoƙarin nuna musu cewa wata laka ce siririya ke riƙe da ruwan, kamar gindin tukunya, in an huda ta shi ke nan. Ba wanda ya saurara. Sai ya zauna a bakin idon, ya miƙe ƙafafu bisa lakar, ƙwaryarsa a cinya.

"Baba, tashi," in ji Enoch. "Tsafinka ba zai shayar da kowa ba."

"Fara sara ni tukuna," ya ce. "Ni ma laka ne."

Kwana tara bai bar wurin ba. Hammawa ya zo ya tsaya a kansa, ya gaya masa alhakin shanunsa yana wuyansa. Mata suka daina gaishe shi. A kwana na bakwai Margaret, 'yar Enoch mai shekara huɗu, ta sha ruwan wani kududdufi, gudawa ta ɗauke ta. Daga bakin idon Baba Yamusa ya ji kukan mutuwar, bai tashi ba. Har yau Enoch bai ƙara taka gidan Baba ba.

Mutanen ƙauyen da ke ƙetaren rafi ne suka ari digar, suka sari nasu idon. Kwana biyu ruwa yana ɓulɓulowa, suna guɗa. A na uku ya nutse. Ramin yana nan, ƙadangaru ke shan rana a ciki. Matansu yanzu wurinmu suke zuwa, su bi layi, ba sa ɗaga ido. Ragowar shanun Hammawa ma da malalen idonmu suka kai damina.

Baba, kai ne ka zauna har sanyin laka ya cinye maka gwiwoyi. Kai ka raɗa wa Margaret suna, kuma ka san akwai masu cewa kai ka kashe ta. Ban taɓa jin ka kare kanka ba, ban taɓa jin ka ce ai ka faɗa ba. Mai tsaron ɗigo, mun gode. Mun makara, amma mun gode.

Yanzu da sanda yake saukowa, hannunsa na rawa, rabin rairayin yana komawa inda ya ɗebo shi. Har yau ba wanda ya ce masa ya kawo ƙwaryar ya karɓe shi. Duk wanda ya taɓa jiƙa maƙogwaro a idon nan, ya sauko gobe da safe ya durƙusa kusa da shi, ya koya tun yana nan. Ku zo da ƙwarya. Ƙarfe kuwa ku bar shi a gida, ruwa ba ta son shi.