Tabaryar Duba Ganuwa

Garinmu ƙaramin birni ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, amma ganuwarsa ba ta wasa ba ce. A zamaninmu mahara kan gangaro daga duwatsun kudu su kwashi mutum da saniya, saboda haka kowace shekara, da an shigar da dawa rumbu, sai a yi shela kowace unguwa ta gyara rabonta na katanga. Mai gari ma yana da nasa, daga ƙofar gabas zuwa gindin kuka.

In gini ya bushe sai a zaga da tabarya, dattawa a gaba, jama'a a baya. Ni ke riƙe ta, don ni ne babban magina, kuma a hannun ubana na gaje ta. Ginin kirki in na dake shi tabarya dawowa take yi hannuna. Na ha'inci kuwa sai ya ce bus, ya zubo, masu shi su sake, a yi ta musu tsiya har wata kakar. Wallahi ina son ranar nan fiye da salla. Sai dai rabon mai gari ba a dukansa. In an iso wurin, a sauke tabarya, a ce madalla, a wuce. Haka muka tarar.

To, wata shekara barorin mai gari suka yi aikin ganin ido. Suka ɗebo ƙasar rafi mai yashi, ba su zuba mata ramno ba, ciyawar da ke kama ƙasa, ba su bari kwaɓin ya kwana ba, suka shafe da yaɓe mai kyau. Na gani, na kau da kai.

Bayan wannan katangar gidan wata tsohuwa yake, mai sayar da fura, ita da jikokinta. Ta same ni ina alwala.

"Malam, akuyata ta soki ginin nan da ƙaho, ya shige."

Na ce, "Inna, rabon mai gari ne."

Ta ce, "Mai gari a tsakiyar gari yake kwana. Ni ce a jikin ginin."

Na kore ta da faɗa, don ni mutum ne mai saurin hawa, balle in an fi ni gaskiya. Tsoro nake ji a karɓe tabaryar ubana a ba wani.

Ranar zagaye muka iso ƙofar gabas da hantsi, mai gari yana tsaye cikin dattawa. Na sauke tabarya. Ban kai ga cewa madalla ba sai na ji muryar tsohuwar nan daga cikin mata: "Ba a daki wannan ba!"

Kai! Wani bara ya daka mata tsawa, ko gezau ba ta yi ba. Mai gari ya dube ta, ya dube ni. Na ce a raina, in na wuce yau, da wane ido zan ƙara rushe ginin talaka? Na yi bisimilla na maka.

Bus! Ƙasa ta zubo har kan takalmansa.

Na durƙusa na miƙa masa tabaryar da hannu biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta." Ni dai na sallama ta.

Bai karɓa ba. Ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya ce a kawo jar ƙasa da ramno da ruwa. Da ƙafarsa ya taka kwaɓin farko, dattawa suka rasa yadda za su yi, su ma suka faɗa ciki. Kwana tara muka yi. Na sha daɗin aikin nan, har na yi wa liman faɗa kan tubali ya haƙura.

Da ginin ya bushe mai gari ya ce daga yau da nasa za a riƙa farawa. Na dake shi sau uku, tabarya tana dawowa. Mutane suna ta yaba mini, ni kuwa na san bakin da ya yi aikin.

Washegari tsohuwar ta kawo mini fura cike da ƙwarya. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Sha kawai, Malam. Jiya na yi barci."