Malam Khalilu da Gonar Dawarsa

Malam Khalilu mutumin wani ƙauye ne a bayan Tofa. Da ƙuruciyarsa koren shanu yake yi zuwa kasuwar Ɗambatta, shi ya sa babu burtali ko 'yar hanyar ƙafa a yankin nan da bai taka ba. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma noma. Matarsa Furera ta daɗe da rasuwa, bai kuma sake aure ba. 'Yan'uwa sun yi magana har sun gaji.

Mu kuwa malaman makaranta ne daga Rijiyar Zaki, muna da 'yar ƙungiyar tattaki da muke fita ranar Asabar don motsa jini. Shi ya nemo mu da kansa, ya ce zai yi mana jagora, amma sai ƙarshen damina, in dawa ta fi mutum tsawo.

Ranar da muka bi shi, da hantsi muka tashi. Mun ratsa gonakin gyaɗa da wake, gida na kallon gida, ko'ina ana yi mana sannu. Gab da azahar ya shigar da mu wata siririyar hanya a tsakiyar dawa. Iska ta ɗauke ɗif, ko kukan tsuntsu babu. Sai muka ji muryar mace daga cikin karan, kusa da mu ƙwarai.

"Sannunku da rana. Ga abinci ya iso."

Raihana, malamar lissafi da ke bayana, ta amsa, "Yauwa Inna, sannu da aiki." Ta leƙa, ba ta ga kowa ba, ko ganye bai motsa ba. Malam Khalilu ya tsaya cak, bai waiwayo ba.

"Mu je," ya ce. "Kowa ya yi addu'a."

A gidan yayarsa, Inna Aina'u, muka yada zango. Bayan mun yi salla ta kawo mana dambu da zogale da fura mai sanyi a gindin darbejiya. Nan Raihana ta tambayi ko wace ce ke kai abinci a gonar can. Inna Aina'u ta ajiye ludayi ta dubi ƙaninta.

"Khalilu, ta can ka bi da bayin Allah?"

Ya sunkuyar da kai. Ita ta ba mu labarin. Gonarsa ce. Wata rana Furera ta kai masa abinci, maciji ya sare ta a kan hanyar nan. Yana can ƙarshen gona yana aiki, bai ji kiranta ba. Da yunwa ta ishe shi ya fito, ya tarar da ita kwance, kwanon na gefenta a rufe.

Malam Khalilu ya ɗago ya ce wa Raihana, "Malama, don Allah, da kunnenki kika ji?"

"Duk mun ji, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Shekara da shekaru ni kaɗai nake ji. Mutanen garin nan ba sa yarda su bi ni, sai dai su kawo mini rubutu in sha."

Ya jawo kwano ya ci ya ƙoshi. Mu dai kowa tsakura ya yi.

Ta bakin titi muka koma. Wasu cikinmu suka ce wata ce kawai ke tsinkar ganye a cikin dawar ba mu hango ta ba. Raihana ta kwanta zazzaɓi, ta warke, amma ba ta sake fitowa tattaki ba.

Malam Khalilu ya rasu bara, bayan an gama girbi. Ɗan Inna Aina'u, Abdulbasit, shi ke noma gonar yanzu. Na haɗu da shi kwanan baya a Tofa, na tambaye shi ko yana jin wani abu. Ya ce shi bai sani ba, don tun kafin rana ta take yake saɓa fartanyarsa ya tafi gida.