Malam Haruna da Dutsen Bayan Gidansa

Ina ɗakin bincike a wata jami'a can arewacin Turai, da hantsi, sai ga kiran Hajiya Binta, uwargidan Malam Haruna. Da na ji ta gajarta gaisuwa na sha jinin jikina. Ta ce Malam ya cika bayan sallar asuba, a gidansa na Garo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam ne ya koyar da mu kimiyya a sakandare a Gwarzo, bayan ya daɗe cikin masu awon ƙasa. Da zan yi aikin kammala digiri, shi ya aro mana na'urar da ke auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Wannan ƙarfi ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda dutse mai nauyi yake kwance a ƙarƙashi yakan ɗan ƙaru. In Malam yana wannan bayani, har hularsa karkacewa take don zumuɗi, kai ka ce shi ya binne duwatsun.

Na'urar kuwa shagwaɓaɓɓiya ce, ko takun mutum ba ta so. A garin Gammo manoma suka yi ta zuwa gaishe mu, awo na rawa, ni kuma da gajen haƙurina na ɗaga musu hannu. Malam ya ja min kunne. Ya gaisa da kowa, har ya tambayi shanu da damina, sannan ya roƙe su su zauna. Suka zauna tsit, muka yi awonmu lafiya.

Ƙa'idarsa ɗaya ce ba ya sassautawa. A kan wani faffaɗan dutse bayan gidansa muke fara awo, a nan kuma muke rufewa, domin na'urar takan ɗan saki cikin yini, sai an dawo ake gane nawa ta kauce. Ranar da muka taso daga garin Kara a gajiye na ce a bari sai gobe, ya soke aikin yinin kakaf. Ya ce, "Awon da bai koma inda ya fara ba, ƙarya ce mai lamba."

Burinsa kuwa shi ne ganin hasken nan da ke rawa a samaniyar ƙasashen ƙanƙara, idan iskar da rana ke fesowa ta bi maganaɗisun duniya ta daki sararin sama. Ya koyar da shi shekara da shekaru bai taɓa sa shi a ido ba. Da zan taho Turai ya ce kada in ba shi labari, nuna masa zan yi.

Sai ga shi idonsa ya fara yana, nan kuma gajimare ya ƙi yayewa. Na tsorata ƙwarai, kullum ina tunanin ganinsa zai ƙare kafin in cika alkawari. Wata rana da sanyin bara, lokacin da duhu ke rufe mu tun la'asar, sama ta tsage da kore. Na fita ko safa babu, na kira shi ta bidiyo. A Garo kuwa waya ba ta kamawa sosai sai a kan dutsen nan, Hajiya ta riƙo hannunsa har can. Ya manna wayar a fuskarsa, sai na ji kabbara.

"Kore ne, Binta! Ashe ban yi wa yaran mutane ƙarya ba."

Muka yi ta dariya ni da shi kamar sa'anni. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kafin ya kashe ya ce, "To kai yaushe za ka dawo ka rufe awonka?" Na ce in sha Allahu sai na gama. Na yi ta ɗagawa, kuma wannan yana ci min rai. Jibi zan taso, in yi wa Hajiya ta'aziyya, in je in tsaya a kan dutsen.

Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya haskaka kabarinsa da hasken da ya fi wanda na nuna masa. Allah Ya ba Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, mu kuma Ya sa mu koma gare Shi da imani.