Ƙofar Bayan Motar Radka

Ranar Asabar ce, goma sha ɗaya ga watan Mayu. Ƙarfe shida saura kwata Lubor Hanzal ya ji ƙarar ƙofar gareji, ya san 'yarsa Radka ta iso daga ɗakin da take haya a cikin gari. Ƙarfe bakwai ya kai mata kofi da burodi mai man shanu, ya tarar da ita durƙushe a gefen tsohuwar motar, ta ɗaure hanci da ƙyalle, tana cin fenti da samfefa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ya ajiye mata a kan taya. Ƙarfe tara ta kira shi ya riƙe mata fitila. Sha ɗaya da rabi suka yi gardama kan gilashin gefe, a cire ko a bari, ta kayar da shi kamar kullum. Ƙarfe ɗaya mahaifiyarta Vlasta ta zuba miyar dankali da naman kaza, Radka ta tashi da kwano biyu, ta bar shatin yatsunta baƙi a jikin cokali. Ƙarfe uku ta hau keke zuwa wani ƙauye a kan tudu don ta ga wata tsohuwa, ta dawo biyar da rabi da littafinta a aljihu da ƙwai shida a cikin hula. Shida da kwata ta wanke hannu, ta ce kanta yana ɗan sara mata, ƙurar fenti ce. Ta sumbaci uwarta, ta ja wa ubanta kunne kada ya taɓa mata komai a gareji, ta tafi.

Washegari da hantsi wata jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarta, ta rasu. Shekarunta talatin da huɗu.

Radka mai raba wasiƙu ce. Shekara goma sha ɗaya tana zaga ƙauyuka tara na tsaunukan da ke tsakiyar ƙasar Cek, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Uban nata safiyo ne, ya yi shekara arba'in yana auna iyakokin gonaki, kowa Injiniya yake ce masa, kuma ya so ta yi jami'a kamar yadda ya yi. Ta yi shekara ɗaya a jami'ar birnin Brno ta tattaro kayanta ta dawo, ta ce ita zaman kujera ba nata ba ne. Ya daɗe kafin ya huce. Sai daga baya ya lura cewa ba gidan da take wucewa ba ta san wa ke kwance ba, wa ya daina fitowa ɗaukar jarida, wane kare ne haushinsa ya fi cizonsa. Sau biyu ita ce ta fara gane cewa shirun wani gida ya yi yawa, ta kira a ɓalle ƙofa.

A wajen wannan yawo ta tsinci motar, a rumfar ciyawar wani manomi, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Skoda ce ta shekarar 1964, mai dogon baya, baƙa wuluk, irin wadda ake ɗaukar gawa da ita. Da Lubor ya ga an jawo ta ƙofar gidansa da tarakta sai ya tambaye ta ko motoci sun ƙare ne a duniya. Ta ce saura, amma wannan ce kaɗai ta dube ta.

Ta dalilin motar nan ta shiga cikin mutanen taron Satumba. Kowace shekara, Asabar ta biyu a watan, sukan haɗu a filin wata tsohuwar masana'antar bulo da ke bakin tafki, mota sittin ko fiye, duk tsofaffi, duk an goge su har mutum ya ga fuskarsa. Layi biyu ake yi. Hagu motocin asibiti, masu su ana ce musu 'yan jiniya. Dama motocin gawa, masu su 'yan labule, saboda labulen da ke tagogin motocin. Tsakani kuma teburan giya da tukunyar miyar nama da suke kira gulash, inda ake raba raini tun safe.

Shugaban 'yan jiniya Kubat ne, tsohon direban motar asibiti, ƙato mai tumbi da murya kamar ganga. 'Yan labule kuwa suna bin Ruzena, siririyar tsohuwa mai taba a baki, wadda ta gaji sana'ar binne mutane daga mijinta. Shi yana ce mata Hankaka, ita tana ce masa Randa. In ya yi alfahari da cewa ya taɓa yin kilomita talatin cikin minti goma sha takwas da mai naƙuda a baya, sai ta busa hayaƙi ta ce su ba sa gaggawa, kuma har yau ba fasinjan da ya taɓa kai ƙararsu. In ya ce motocinta suna kashe wa mutane cin abinci, sai ta ce da 'yan jiniya suna zuwa a kan lokaci da ita ma ta huta.

Dokar taron ɗaya ce tak da ba a wasa da ita. Kowace mota layi ɗaya take tsayawa, kuma a gyara ta daidai da yadda take a zamanin da ta yi wannan aikin, tun daga fenti har zuwa ƙusa.

Nan motar Radka ta zama abin magana. Da ta fara goge ƙofar direba sai launin ruwan madara ya ɓullo a ƙarƙashin baƙin, da inuwar jar alamar asibiti. Ashe motar ta yi rayuwa biyu: shekara tara tana ɗaukar marasa lafiya, sannan aka fente ta baƙa ta koma ɗaukar gawa. Shekara uku layukan biyu suna zawarcinta. Kubat ya ba ta fitilar kan rufi kyauta, Ruzena ta aiko mata da labule na asali mai geza. Radka ta karɓe su duka ta yi godiya, ta ce ba za ta zaɓa ba sai ta ji labarin motar daga bakin waɗanda suka san ta. Tana gyaran inji da ƙarfe, tana goge inda tsatsa ta ci, amma gwangwanin fenti ko ɗaya ba ta saya ba. A haka ta rasu, motar rabi baƙa, rabi dabbare-dabbare.

Mako uku bayan jana'iza Kubat da Ruzena suka zo gidan Lubor tare, abin da ba a taɓa gani ba. Suka zauna a kicin, suka ce ƙungiyar masu taron za ta ƙarasa motar da hannunta, ba sai iyalin sun ɗaga ko tsinke ba. Abu ɗaya suke son sani: ko Radka ta bar wata magana kan layin da take so?

Lubor ya ce bai gama duba takardunta ba.

Ba gaskiya ba ne. Ya riga ya karanta littattafanta uku daga bango zuwa bango, har sau biyu. A ciki ta rubuta hirarta da gidaje arba'in da ɗaya, kowanne da kwanan wata da sunan mai magana, cikin tsari irin wanda shi kansa zai sa wa hannu. Na zamanin asibiti shafi huɗu ne kawai. Motar ɗaya ce cikin goma sha biyu iri ɗaya, direbobi suna karɓa-karɓa, kuma wanda aka kwantar a ciki ciwo bai bar shi ya kalli komai ba. Sauran shafukan duka na zamanin baƙin fenti ne. A 1973 gonar haɗin gwiwa ta ƙauyuka biyar ta karɓo ta, aka daina ɗora mamaci a keken doki, direban tarakta mai suna Sochor ya riƙe ta shekara goma sha tara, yana wanke ta da kansa kafin kowace fita, yana tuƙi daidai da takun wanda ya fi kowa tsufa a cikin masu rakiya.

Abin da ya ba Radka mamaki shi ne ba wanda ya iya faɗa mata yadda gaban motar yake. Amma ƙofar baya kowa ya haddace ta. Mutum ashirin da shida, ba tare da ta tambaya ba, sun ambaci wata 'yar loɓawa a hagun mariƙi, faɗin tafin hannun yaro. Shafi na ƙarshe mai kwanan watan wannan Asabar ɗin ne, da rubutunta mai karkata: "Mutane a ƙafa suka bi ta, idonsu a kan ƙofar nan, domin ba su da inda za su kalla. Baƙa za ta zauna. Kada a buge loɓawar."

Lubor ba ya son haka. Yana son ya ga motar 'yarsa fara tas da fitila a ka, a layin masu ceton rai, yara suna hawa suna taɓa jiniya. Ba ya son a ce abin da ta bari a duniya motar gawa ce. Kuma ba wanda ya ga shafin sai shi. Ko Vlasta ba ta iya buɗe littattafan ba. Duk damina yana ɗauke da maganar a cikinsa. Kubat ya ɗauki shirun a matsayin amsa, har ya kawo gwangwanin fenti ruwan madara a watan Agusta, ya ce sai da ya je gari uku kafin ya samu mai haɗa launin daidai. Lubor ya karɓa ya ajiye a kan kanta. Mutumin da bai taɓa gusar da dutsen iyaka ko da kamu ɗaya ba, ga shi yana gaisawa da gwangwanin nan kowace safiya.

Ranar taro aka ɗora motar a tirela aka kai ta filin yadda take. Suna da al'ada in ɗayansu ya rasu. A ajiye motarsa a tsakiya, 'yan jiniya su saki jiniya gaba ɗaya na minti ɗaya, sannan 'yan labule su buɗe ƙofofin bayan motocinsu su tsaya shiru ba hula na wani mintin. Daga nan kowa ya sa hannu a tura motar zuwa layinta.

Aka yi jiniyar har agwagin tafkin suka tashi. Aka yi shirun. Mutum fiye da ɗari suka matso suka dafa motar, suka tsaya suna kallon Lubor, domin ba wanda ya san inda za a tura. Yana tsaye a baya, hannunsa kusa da mariƙi. Kubat ya matso kusa da shi, ya rage murya iyakar yadda muryarsa take raguwa.

"Kada ka damu, Injiniya. Ranar Litinin da wannan loɓawar zan fara. Guduma biyu, ba wanda zai san an taɓa yin ta."

Lubor ya dubi wurin. A watan Mayu, ranar jana'izar Radka, ya yi tafiyar mita ɗari bakwai daga coci zuwa maƙabarta a bayan wata sabuwar mota mai ruwan toka. Bai tuna wanda ya yi jawabi a bakin kabari ba, bai tuna ko an yi rana ko hadari ba. Amma in aka ba shi fensir a yanzu zai zana ƙofar bayan waccan motar ba kuskure: ƙusar lamba ta dama da ta fara tsatsa, kusurwar wata takarda da ta ɗago a gindin gilashi, da wani ɗigon laka da ya bushe a ƙasan fitila.

Ya ciro littafi na uku daga aljihun kwat ɗinsa, ya buɗe shafin ƙarshe, ya karanta layukan nan uku da ƙarfi, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan ya rufe.

"Tun watan Yuni na gani," in ji shi. "Na ɓoye muku. Ni ne nake son fara, ba ita ba. Ka yafe mini wahalar fentin, Kubat."

Kubat ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarar da ta kusa kamo ta jiniyarsa. Ya juya wajen Ruzena.

"To, Hankaka, kin ci. Dama ku ne kullum kuke ci a ƙarshe."

Ruzena ba ta yi dariya ba. Ta jefar da tabar ta take.

"Kai ka san injin nan, Randa, ni labule kawai na sani. Litinin ƙarfe takwas a garejina. Kada ka makara yadda kuka saba."

Aka tura motar dama. Kubat ne a gaba, hannu ɗaya ta taga yana juya sitiyari, yana yi wa 'yan labule tsawa cewa turi ake yi, ba rakiya ba. Ranar Lubor ya zauna har la'asar, ya ci gulash, ya saurari mutanen da bai sani ba suna ba shi labarin 'yarsa: yadda ta kwana biyu tana neman wa wani ɗan Slovakiya murfin fitila, yadda ba ta taɓa cewa ta san abin da ba ta sani ba.

Cikin watan Oktoba shi da Vlasta suka raba kayanta. Motar ta tafi garejin Ruzena, da sharaɗin in an gama za a riƙa kai ta ƙauyukan nan biyar sau ɗaya a shekara kafin a wuce da ita taro. Fitilar kan rufi da gwangwanin fenti suka koma wajen Kubat, wanda ya ce dama akwai wata a layinsa da take bukata. Littattafan uku Lubor ya kwafe su da hannunsa, ya ba ƙungiya kwafin, ya kai na asalin ɗakin karatun ƙauyen da Sochor ya zauna, aka ba shi takardar shaida ya sa a fayil. Rigar aiki da jakar wasiƙu ya mayar gidan waya. Keken ya tafi wajen 'yar ƙanwar Vlasta, kayan ɗaki kuma mai gidan hayar ta ce a bar wa wadda za ta shigo. Sufanu da sukurdireba suna nan a jikin bangon gareji, kowanne a ƙusarsa.

Takalman aikinta lamba talatin da tara ne, daidai ƙafar Vlasta. Da su take shiga lambu yanzu.