Ƙwannafin Malam Sabi'u

Ban manta ba, kuma ba na jin zan taɓa mantawa, da ranar da Malam Sabi'u ya fara shigo mana farmasi. Cikin damina ne, bayan Babbar Sallah kaɗan, lokacin ma muna nan kusa da tashar motar Gare de Bassam a Treichville, cikin Abijan. Ku da kuka zo koyon aiki bana, ku ajiye wayoyin nan ku matso, labarin naku ne.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, a farmasi akwai Dokta, ita ta yi karatun magani mai zurfi, ita ce kuma mai ta cewa. Ƙarƙashinta sai mu masu tsayuwa a kanta, waɗanda ake kira oksiliya. Mu ke karɓar ordonas, wato takardar likita, mu ɗauko magani mu bayyana yadda ake sha. Ƙananan larurori irin mura da ƙwannafi muna iya ba da shawara ba tare da takarda ba, amma abin da ya fi ƙarfinmu Dokta ake kira. Ni kaɗai ce mai jin Hausa a wurin. A unguwar Arras ta nan Treichville aka haife ni, fataucin goro ya kawo babana daga Kano ya zauna. Abokan aiki Tanti suke ce mini, mutanenmu kuma Hajiya.

To, ranar nan sai ga wani dogon saurayi siriri, shadda ta sha guga, hula ta zauna daram. Ya tsaya wajen sabulai yana ta karanta kwalayensu har layi ya watse, sannan ya matso ya dafa ƙirji ya ce da guntun Faransancinsa, wai nan ke masa zafi, "Madam... isi... sa brul."

Na ce, "Sannu Malam. Ƙwannafi ne?"

Wayyo, da kun ga fuskarsa! Daga baya na ji ashe shagon atamfa gare shi a Adjamé, can kuma yake zaune. Ya tsallake duk farmasin da ke unguwarsu don kada wanda ya san shi ya gan shi, ya hawo mota ya ƙetaro gada neman inda ba a jin Hausa, sai Allah ya jefo shi hannuna.

Na tambaye shi yaushe abin ke taso masa. Ya ce bayan cin abinci, da in ya kwanta, da in ya sunkuya wanke-wanke.

Na ce, "Wanke-wanke?"

Ya ce, "Alwala nake nufi, Hajiya."

Na ce to. Na karanta masa abin da muke karanta wa kowa. Kada a cika ciki lokaci ɗaya, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. A rage mai da yaji da soye-soye, a rage kofi da lemon kwalba. In an ci abinci kada a miƙe a tabarma nan take, a zauna ko a ɗan zaga har ya faɗa. Ruwa ma kurɓa-kurɓa, ba a ɗaga kwano a shanye ba. Ina faɗa yana maimaitawa a hankali kamar mai hadda. Da na ɗauko masa siro, irin farin maganin ruwan nan mai kwantar da zafin, sai ya juya kwalbar ya ce, "Hajiya, in mutum jikinsa ya ɗan yi nauyi, wannan ba ya cutarwa?"

Na dube shi tun daga hula har takalmi. Mutumin da iska mai ƙarfi za ta iya kaiwa Bassam kyauta, wai jikinsa ya yi nauyi. Na leƙa ciki na tambayi Dokta don in tabbatar, na dawo na ce, "Wannan ko mai juna biyu tana sha." Ya sunkuyar da kai ya ce madalla. Yana fita na bi shi da ido ta gilashi, sai ga shi tsallaken titi wajen mai sayar da abincin nan garba, an zuba masa aceke, wato turararren garin rogo, da soyayyen kifi, yana nuna wa mai sayarwa ya ƙara barkono. Mai ƙwannafi ke nan.

Ku da aka haifa nan Abijan, wasunku Faransanci ya fi Hausa zama a bakinku, sai na yi muku bayani. A wajenmu cikin fari abin kunya ne. Matar ba ta faɗa, mijin ba ya faɗa, ko da cikin ya riga ta shiga ɗaki. Balle a ce namiji ya tsaya gaban mace sa'ar uwarsa ya ce matarsa na da ciki. Shi ya sa bawan Allah ya ɗauki ciwon ya aza wa kansa. Ni kuma na ce ba ni zan kwance masa zani a kasuwa ba. Tunda ya ce nasa ne, nasa ne.

Haka muka yi ta yi makonni. Duk sanda ya shigo sai in ce, "Malam Sabi'u, ya ƙwannafinmu?"

Wata rana ya ce, "Da sauƙi Hajiya, sai dai in ya fara motsi ba ya bari a yi barci."

Na ce, "Ƙwannafin ne ke motsi?"

Ya ɗaga kai yana kallon fanka ya ce, "E, shi."

Na ce to ya riƙa kwanciya ta ɓarin hagu, ya samu katako ya sa ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai don ƙirji ya fi ciki tudu. Na ce kuma ya riƙa sassauta ɗaurin zani. Sai na gyara na ce tazugen wando nake nufi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta jin Hausa, amma ta ga yadda nake cije leɓe, ita ma ta juya baya tana dariya.

Ya taɓa tambayata batun kanwa, wai wata tsohuwa a gidansu ta ce a jiƙa a sha. Nan ban yi wasa ba. Na ce kanwa da bikarbonat suna kashe zafin na ɗan lokaci, amma gishiri ne fal a cikinsu, mai irin ƙwannafinsa ba nasa ba ne. Na ƙara da cewa mai irin ƙwannafinsa awo yake zuwa asibiti, a duba jininsa a duba ƙafarsa. Ya ce, "To, Hajiya." Kun san "to" ɗin mazanmu, ba e ba ce, ba a'a ba ce.

Sai wata safiya ya faɗo mana ba sallama, hula a karkace, bai tsaya wajen sabulai ba, bai bi layi ba.

Ya ce, "Hajiya, maganin ya daina ci. Ciwon ya koma nan, ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. Kaina na sarawa tun jiya. Ina ganin wasu taurari-taurari. Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ba ya shiga, har fuskata."

Na leƙa ta saman kanta na ga ƙafafun nan nasa kamar sandunan rake, suna iyo cikin takalmi. A wata ranar da na yi dariya. Ranar nan gabana ne ya faɗi, na ƙwala wa Dokta kira.

Dokta 'yar ƙabilar Bawule ce, mace mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ina fassara mata tana kallonsa. Ban gama ba ta ce, "Tanti, wata nawa ne cikin?" Ita ma ashe ta daɗe da ganewa. Ta ce wannan ba ƙwannafi ba ne. Alamun hawan jinin masu ciki ne, wanda ke kawo jijjiga, yana kuma iya tafiya da uwa da abin da ke cikinta a yini guda. Ta ce yau ko ƙwaya ɗaya ba za a sayar masa ba, asibitin haihuwa za a kai matar yanzu-yanzu, in faɗa masa ba kwana-kwana.

Na zagayo daga bayan kanta na tsaya gabansa. Na ce, "Sabi'u, ɗago ka dube ni. Wasa ya ƙare. Wata nawa ne cikin matarka?"

Gumi ya keto masa. Da ƙyar, kamar ana zare masa rai, ya ce, "Ya shiga na takwas."

"Tana zuwa awo?"

Ya ce ta je sau ɗaya tun da farko, ba ta ji abin da suke cewa ba, su ma ba su ji nata ba, ta dawo ba ta sake komawa ba. Ita ba ta yi masa zancen ba, shi ma bai tambaya ba. Daga Katsina ya ɗauko ta bara, ba ta da uwa ko 'yar'uwa a garin nan.

A ƙa'ida oksiliya ba ta barin kanta lokacin aiki. Dokta da kanta ta miƙo mini na'urar awon jini ta ce, "Tafi da shi. Yarinyar za ta buƙaci baki." Muka tari taksi muka hau gada. Da muka shiga Adjamé kuwa kun san halinta, gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ta tare nan, mai baro ya tare can, kowa na danna oda ba mai motsi. Na ce wa direba ya jira mu bakin titi, muka sauka muka kutsa da ƙafa. Ni da gwiwar nan tawa har gudu na yi.

Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya. Muka tarar da ita, sunanta Rabi, zaune bakin gado ta dafe kai da hannu biyu. Fuskar ta cika har idanun sun ƙanƙance. Na lura an sa katako ƙarƙashin ƙafafun gadon kamar yadda na ce. Kusa da ita ga tsohuwar gidan, Iya Dije, riƙe da kofin jiƙon kanwa tana lallashinta.

Iya ta ce, "Hajiya, ba komai ba ne, gashi ne. Duk mai ciki da ƙwannafi ya dama, ɗa mai suma za ta haifo. Ni nawa duka haka na yi."

Na ce, "Iya, Allah ya sa. Ajiye kofin nan ki haɗa mana zannuwa."

Na ɗaura wa Rabi na'ura. Da lambar ta fito ban faɗa wa kowa ba, amma na ji tsoro, tsoro na gaske. Iya Dije ta dubi fuskata sau ɗaya, ba ta ƙara zancen gashi ba. Ita ta riƙe Rabi ta ɓari guda, ni ta ɗayan, Sabi'u na gaba yana ture masu baro.

A asibitin haihuwa maza ba sa wuce wata ƙofa. Ungozomar da ke wurin, sajfam kamar yadda ake ce musu nan, ta tare shi ta tambaye shi da Faransanci shi wane ne, me ya kawo shi. Kafin in buɗe baki in fassara, sai mutumin nan da ya yi makonni yana kallon fanka ya ɗaga murya, baranda cike da mata, ya ce, "Matata ce! Ciki gare ta! Don Allah ku taimake ta!" Da Hausa ya faɗa. Duk wurin ba wanda ya ji abin da ya ce sai ni da Iya Dije da Rabi. Ita kuwa Rabi, duk da halin da take ciki, sai da ta ja mayafi ta rufe fuska.

Suka karɓe ta da gudu, suka sa mata ruwa da allurai. Kafin la'asar likita ya ce ba za a jira ba, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Da sajfam ɗin ta fito wanke hannu ta ce mini, "Tanti, da kun bari sai gobe, da ba wannan maganar muke yi ba." Ban fassara wa Sabi'u ba. Ya riga ya durƙushe jikin bango yana kuka, ba ya ko ɓoyewa.

Bayan an yi arba'in suka ƙetaro gada su biyu, Rabi da goyo, shi da ledar goro da turmin atamfa. Na ce, "Malam Sabi'u, ya ƙwannafi?"

Ya sosa ƙeya, ya nuna bayan Rabi da haɓa ya ce, "Ga shi nan, Hajiya. Barci yake."

To yarana, abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba ƙarya suke yi mana a kanta ba, kunya ce ke sa su zagaye. Wanda ya yi musu dariya a fuska ba za su dawo wurinsa ba, in kuma ba su dawo ba, ranar da abin ya ɓaci ba wanda zai ji. Ku bi su a hankali, ku yi wasan da su, ku ba da shawarar kamar ba ku gane ba. Amma ku san alamun da in kun ji su wasa ya ƙare: ciwon kai mai sara, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, ciwo ƙarƙashin haƙarƙari. Ranar nan ku kira Dokta, ku dubi mutum cikin ido ku kira abin da sunansa, ko da ba zai sake gaishe ku ba.

'Yar tasu tana nan, da ƙafarta take shigo mana yanzu, ta wuce kai tsaye wajen sikeli ta hau. Har yau ubanta bai taɓa faɗin sunanta a gabana ba, ni ma ban taɓa matsa masa ba.