Allon Marafan Kwalba

A shekarun da aka hana hawa moto, wato babur, a Diffa, marasa lafiya sai sun gama jigata a hanya suke iso mana. Ni ne majo, wato shugaban masu jinya, a ɗakin da ake kwantar da yaran da ciwo ya kai maƙura. Injin iska na taimakon numfashi biyu gare mu. Ɗaya tsoho ne tukuf, in ya fara tari har kifin kogin Komadugu sai ya leƙo ya yi masa sannu.

Ƙarancin kaya bai ci raina kamar kunya ba. Mai jinya za ta ga numfashin yaro ya canja, amma tunda babban likita ya riga ya ce ya samu sauƙi, sai ta sunkuyar da kai ta ce "to". Wannan "to" ɗin, wallahi, ya fi sauron bakin kogi haɗari.

Sai na ce a yi allo, wanda kallo ɗaya zai gaya wa mutum halin ɗakin. Na farko ya lalace, don kowa ya nemi gurbi a kai: mai awon jini, mai ba da magani, har mai gadi ya ce a rubuta masa wani abu. Kafin ka gama karanta shi, jariri ya yi gemu. Na goge. Na samo falle ɗaya na katako, na buga ƙusa a gaban lambar kowane gado, na huda marafan kwalbar lemo: kore na sauƙi, rawaya na a sa ido, ja na haɗari. Doka biyu kawai na kafa. Duk mai aiki a ɗakin yana iya rataya marfi, kuma ba a tambayar wa ya rataya. In ja ya bayyana, kowa ya ajiye abin hannunsa a taru a gadon. Na kafe allon a bayan ƙofa, inda iyaye ba sa gani, inda kuma hannu zai yi aikinsa ba tare da shaida ba.

Babban likitanmu Bafulatani ne daga wajen N'Guelbély, ni kuwa Babarbare, saboda haka tsiya ce gaisuwarmu. Ya dubi allon ya ce, "Bawana, shagon lemo ka buɗe?"

Wata safiya tsohon injin ya yi tarinsa na ƙarshe. Ana cikin haka wata tsohuwa daga Yébi ta shigo goye da jikanyarta, ƙirjin yarinyar na hawa da sauka. Injin da ya rage yana hancin wani yaro ɗan Toumour, a gado na uku, mai marfi rawaya. Likita ya duba su duka ya ce, "Yaron ya warware. A cire masa, a ba yarinyar."

Kowa ya ce "to". Na fita ɗauko sabon tiyo. Ina dawowa, sai ga ja a ƙusar gado na uku.

Na buɗe murya, wadda ake ji har Zinder: "Ja a na uku!"

Aka taru. Likita ya ɗaure fuska. "Majo, aikin wa ne wannan?"

"Dokta, ba a tambaya. Ko a rugarku shanu ne ke yanke shari'a?"

Muka maƙala wa yaron abin awon iska a yatsa, muka zare tiyon mu gani. Lamba ta fara gangarawa kamar guga ya tsinke a rijiya. Muka mayar da sauri. Yara biyu ke nan, inji ɗaya, tsohuwa na kallon bakunanmu.

Tunda an riga an tsaya, baki ya buɗe. Wata mai jinya da ban taɓa jin muryarta a gaban likita ba ta ce akwai mahaɗi mai baki biyu a kwalin da ’yan agaji suka kawo. Wani ya ce duk ƙanana ne, iskar da kowannensu ke buƙata ba ta da yawa. Likita ya yi lissafinsa ya ce za ta isa. Muka tura gadajen suka haɗu, muka raba musu. Lambobin biyu suka hau, suka zauna.

Da azahar muna shan shayi, likita ya zaro makullinsa daga aljihu, sai ga marfi rawaya ya faɗo, ya gangara har gaban ƙafata.

"A'a, Fillo! Ashe kai ma kana sayen lemo a shagona?"

Ya kurɓi shayinsa. "Na riga na yi magana a gaban ma'aikata, Majo. Da na waiwaya na ga haƙarƙarin yaron, sai hankalina ya ƙi kwanciya, na sauya marfin."

Na sa ƙafa na take marfin kafin wani ya gani.

Yarinyar ce ta fara rabuwa da tiyon. Ɗan Toumour ya daɗe bai saki ba, amma ranar da aka sallame shi, da ƙafarsa ya fita, yana jan zanen uwarsa yana kukan a saya masa ƙosai.